Kwanon Karin Kumallon Yara: Burbushin Maganin Ciyawa da Lissafin Sukari

A watan Agustan 2018 wata ƙungiya mai zaman kanta da ke birnin Washinton, wadda ake kira EWG, ta fitar da sakamakon wani gwaji da ya tayar wa iyaye hankali a Amurka. Ta sayo kayan karin kumallo na kwali, irin waɗanda ake yi da hatsin ot a zuba musu madara a ba yara da safe, ta kai su ɗakin gwaji. Cikin samfura 45 na hatsin da aka noma yadda aka saba, an samu burbushin gilaifoset a 43. Gilaifoset shi ne maganin ciyawan da kamfanin Monsanto ya fitar a 1974 da sunan Roundup, kuma yau babu maganin ciyawan da aka fi fesawa a duniya kamarsa. Samfura 31 sun haura ppb 160, mizanin da ƙungiyar ta ce bai kamata abincin yara ya wuce ba.

Kamfanonin General Mills da Quaker, masu wasu daga cikin kayan da aka gwada, suka amsa da cewa abincinsu lafiya lau yake, ko kusa da iyakar da doka ta sa bai kai ba. Iyakar dokar Amurka a kan hatsin ot kuwa ppb 30,000 ce.

Ta fuskar alƙaluma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Hatsi ɗaya aka auna, adadi ɗaya aka samu, amma wannan ya ce an wuce gona da iri, wancan ya ce ba a ma fara ba. Tazarar da ke tsakanin 160 da 30,000 ta kusa ninki 190, kuma duk wanda bai san inda aka samo kowannensu ba, to, wanda ya fi ɗaga murya shi zai bi.

Daga ina alƙaluman biyu suka fito?

Ppb na nufin kashi ɗaya cikin biliyan. A jera buhunan hatsi 10,000, kowanne mai kilo 100, a rarraba giram ɗaya tak na magani a cikinsu baki ɗaya, to wannan shi ne ppb ɗaya. Mizanin EWG ke nan giram 160 ne a duk buhunan nan dubu goma, iyakar gwamnati kuwa giram 3 ce a kowane buhu guda. Na'urorin gwaji na yanzu suna iya gano abin da bai wuce ppb 10 ba, saboda haka jin cewa an samu burbushi a kashi 95 cikin 100 na samfura bai faɗa mana komai a kan yawansa ba. Abin da ya faɗa mana shi ne maganin ya bazu ko'ina.

Iyakar 30,000 ta Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ce, EPA. Yadda ake fitar da irin wannan iyaka shi ne a fesa maganin a gonakin gwaji bisa ƙa'idar da ke jikin galan, a girbe, a auna mafi yawan abin da ya rage a ƙwayar hatsin, sannan a duba ko wanda ke cin wannan hatsi kullum zai wuce abin da jiki ke iya ɗauka. Idan bai wuce ba, a mai da adadin doka. Asalin aikinta ke nan shi ne kama manomin da ya saɓa ƙa'idar feshi, da kuma sauƙaƙa cinikin hatsi tsakanin ƙasashe. Tarihinta ma ya nuna haka. A 1993 iyakar ppb 100 ce kacal. A 1997 aka ɗaga ta zuwa 20,000, a 2008 aka kai ta 30,000. Ninki 300 cikin shekara 15. Jikin ɗan Adam bai ƙara juriya a tsakanin nan ba, salon noma ne ya sauya, doka ta bi shi a baya. Wannan kaɗai ya isa mutum ya daina karɓar "ba mu wuce iyakar doka ba" a matsayin amsar da ta rufe magana. Tarayyar Turai ta tsaya a kan 20,000 ga ɗanyen hatsin ot, amma ga abincin jarirai da na ƙananan yara da ake yi da hatsi ta sa ƙa'ida daban: burbushin maganin feshi kada ya wuce ppb 10.

Shi kuwa 160 daga wata hanya ya biyo. Jihar Kalifoniya ta sa gilaifoset cikin jerin abubuwan da ke iya jawo ciwon daji a 2017, ta kuma ƙiyasta cewa babban mutum da ke cin miligiram 1.1 kullum tsawon rayuwarsa, haɗarin da ya ƙaru masa bai wuce mutum ɗaya cikin 100,000 ba. EWG ta ɗauki wannan adadi ta raba shi goma, don a koma mutum ɗaya cikin miliyan. Ta sake raba shi goma saboda yara sun fi manya rauni. Abin da ya rage shi ne miligiram 0.01 a rana. Ta ɗauka cewa yaro na cin giram 60 na hatsin, ta yi rabo, aka sami kimanin 160. Babu wata gwamnati da ta amince da wannan adadi, kuma babu wani gwaji da ya nuna cewa a kan 161 cuta ke farawa. Zaɓi ne na taka-tsantsan, an gina shi a kan wani ƙiyasin da shi ma na taka-tsantsan ne. Ba na ganin laifin ƙungiyar da ta yi wa yara rowar haɗari, amma ya kamata mai karatu ya san cewa ra'ayi ne aka mayar lamba.

A auna kwano guda

EWG ta sake gwaji sau biyu kafin shekara ta zagayo. A Oktoban 2018 duk samfura 28 sun nuna burbushi, 26 sun haura mizaninta, mafi yawa kuwa ppb 2,837 a wani nau'in Quaker Oatmeal Squares. A Yunin 2019 ta gwada 21, duka suna da shi, huɗu kawai ke ƙasa da 160. A zagayen nan Cheerios ya nuna 729, Honey Nut Cheerios Medley Crunch ya nuna 833. Ko mafi girman adadin bai kai kashi ɗaya cikin goma na iyakar doka ba.

Mu ɗauki 729 mu yi lissafi. Kwano mai giram 40 na ɗauke da miligiram 0.029 na maganin. Hukumar Kula da Ingancin Abinci ta Turai, EFSA, ta ce mutum zai iya cin miligiram 0.5 a kan kowane kilo na nauyin jikinsa kullum ba tare da illa ba. Yaro mai kilo 20 ke nan rabonsa miligiram 10 ne a rana, sai ya cinye kwano sama da 340 a yini ɗaya kafin ya kai. Ko da samfurin nan mai 2,837 ne, sai ya ci kusan kwano 90. Kwamitin haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ya fi sassauci, ya sa miligiram ɗaya a kowane kilo. Amma idan da sandar EWG aka auna, kwanon nan guda ya kusa ninka rabon yini sau uku.

To wace sanda ce ta gaskiya? A nan ne masana suka rabu. A watan Maris na 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, IARC, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sa gilaifoset a rukunin 2A, rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam. Kafin shekarar ta ƙare EFSA ta ce da wuya ya zama haka, a 2016 kwamitin haɗin gwiwar nan ya ce da wuya a kamu ta hanyar abinci, EPA ita ma ta bi sahu. Sashin saɓanin daga tambayar ya samo asali. IARC na tambayar ko abu zai iya jawo ciwon a wani yanayi, ko da mai tsanani ne. Shi ya sa jan nama da aikin dare ma suke rukunin 2A. Sauran hukumomin na tambayar ko zai jawo shi a adadin da mutane ke haɗuwa da shi. Sashin kuma daga hujjojin ne: IARC ta fi dogara da binciken da aka wallafa kowa ya gani, hukumomin gwamnati kuwa sun haɗa da binciken da kamfanoni suka miƙa musu. A 2022 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta ce EPA ba ta kafa isasshiyar hujja a kan hukuncinta ba, ta umarce ta da ta sake dubawa.

Binciken da aka yi a kan mutane ma bai zo da baki ɗaya ba. Wani babban nazari da ya bi masu feshi sama da 54,000 a jihohin Ayowa da Karolina ta Arewa, wanda aka wallafa a 2018, bai ga alaƙa tsakanin maganin da ciwon dajin kaluluwa da ake zarginsa da shi ba. Wani nazarin na 2019, da ya tattara bincike daban-daban, ya ga ƙarin haɗari na kashi 41 cikin 100 ga waɗanda suka fi kowa cuɗanya da shi. Abin lura shi ne duka biyun a kan masu feshi aka yi su, mutanen da maganin ke zuba wa a fata suna shaƙarsa shekara da shekaru. Haka shari'o'in da suka girgiza kamfanin Monsanto. Dewayne Johnson, wanda kotu a San Faransisko ta ba diyyar dala miliyan 289 kwana biyar kafin rahoton EWG na farko, mai kula da filayen makaranta ne da ke feshi da hannunsa. Daga baya aka rage kuɗin zuwa miliyan 20.5. Kamfanin Bayer, da ya sayi Monsanto a 2018, ya ware kusan dala biliyan 11 a 2020 don sasanta dubban ƙararraki ba tare da ya amsa laifi ba.

Abin da na fahimta daga waɗannan alƙaluma shi ne, idan gilaifoset na da haɗari, mai goye da famfon feshi ne a sahun gaba, yaron da ke gaban kwano yana can baya nesa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin maganin nan ne ake fesawa a gonakinmu kafin shuka, sau da yawa ba safar hannu, ba takalmi, ba abin rufe hanci.

Duk da haka ban yarda a ce a bar zancen burbushin ba, saboda yawancinsa bai zama dole ba. Hatsin ot ba ya cikin amfanin gonar da aka sauya wa halitta don ya jure maganin. Yawancin wanda Amurka ke ci daga Kanada yake zuwa, daga lardunan Saskachewan da Manitoba, inda damina gajera ce kuma sanyi na saurin sauka. Manoma kan fesa maganin 'yan kwanaki kafin girbi don ciyawa ta mutu, hatsin ya bushe lokaci ɗaya. Feshin da aka yi a kan ƙwayar da ta nuna shi ke tafiya har cikin kwali. Kamfanin niƙa na Grain Millers ya daina sayen irin wannan hatsi tun 2015. Kellogg ya yi alkawari a 2020 cewa zai raba alkamarsa da ot ɗinsa da wannan feshi kafin ƙarshen 2025. Da Tarayyar Turai ta sabunta lasisin gilaifoset na shekara goma a 2023, ta haramta amfani da shi don busar da amfanin gona. Ita EWG da kanta, da ta sake gwaji a 2023, ta ce adadin ya ragu sosai. Matsin lambar masu saye ya yi aiki, kuma hatsi bai yanke a kasuwa ba.

Wani sinadarin ya biyo baya, kulomikwat, wanda ake fesawa don karan hatsi ya yi gajere kada iska ta kwantar da shi. Amurka ta fara yarda a shigo da hatsi mai burbushinsa a 2018. A 2024 masu binciken EWG suka wallafa cewa sun gan shi a fitsarin mutum 77 cikin 96, da kuma kayan ot 23 cikin 25. Sun ce a samfuran 2017 kashi 69 cikin 100 ne, a na 2023 ya kai 90. Gwaji a kan dabbobi ya nuna yana iya taɓa haihuwa, don haka bibiyarsa ta dace. Sai dai mutum 96 sun yi kaɗan a ce sun wakilci ƙasa, kuma samfuran kowane zango daga jiha daban aka ɗebo su, ba mutane ɗaya aka bi ba.

Adadin da ke rubuce a jikin kwali

Yanzu a juya kwalin a duba bayansa. A 2011 ƙungiyar EWG ɗin dai ta auna sukarin da ke cikin hatsin yara iri 84. Honey Smacks na Kellogg ya zo da kashi 55.6 cikin 100 na nauyinsa sukari, Golden Crisp na kamfanin Post ya zo da 51.9. Fiye da rabin abin da ke cikin kwalin ke nan ba hatsi ba ne. A 2014 ta faɗaɗa aikin zuwa iri 1,556, ciki har da 181 na yara, ta ga cewa matsakaicin na yaran kashi 34 cikin 100 ne. Da za a rubuta sukari da ma'aunin da aka rubuta gilaifoset, kashi 34 ɗin nan ppb miliyan 340 ne.

Nauyi kaɗai ba ya nuna illa, don haka a auna kowanne da iyakarsa. Wani bincike da mujallar likitoci ta JAMA Network Open ta wallafa a 2025 ya duba sababbin hatsin yara 1,200 da aka fitar a kasuwar Amurka daga 2010 zuwa 2023. Sukarin da ke cikin awo guda ya tashi daga giram 10.28 zuwa 11.40. Sinadarin gishiri ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku, maiƙo ma haka. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce yaro daga shekara 2 zuwa 18 kada sukarin da aka ƙara masa a abinci ya kai giram 25 a rana, wanda bai kai shekara biyu ba kuwa kada a ba shi sam. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2015, ta ce sukari kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci, gara ma a tsaya ƙasa da kashi 5, wanda ga babba ya kama kimanin giram 25, cokalin shayi shida.

Giram 11.4 cikin 25 kashi 46 ne cikin 100. Miligiram 0.029 cikin 10 kuwa bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Kafin yaro ya ɗauki jakar makaranta ya riga ya cinye kusan rabin sukarinsa na yini, idan ma awo guda aka zuba masa. Awon da kamfani ke rubutawa giram 30 zuwa 40 ne, kuma duk wadda ta taɓa zuba wa yaro mai jin yunwa ta san hannu ba ya tsayawa a nan. Kwano biyu, rabon yini ya kusa ƙarewa, ba a zo kan shayi da lemon kwalba da biskit ba. A shekara, awo ɗaya kullum ya haura kilo 4 na sukari.

Kuma a nan babu saɓanin masana irin na gilaifoset. Alaƙar sukari da ruɓewar haƙori tabbatacciya ce, haka alaƙar yawansa da ƙiba, wadda ita kuma ke share wa ciwon sukari da hawan jini hanya. Akwai kuma abin da ba ya shiga jadawali: harshen da aka saba masa da zaƙi tun yana ƙarami da wuya ya sake jin daɗin abincin da ba shi da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda tsoron burbushi ke iya kai iyaye ga zaɓin da ya fi muni. Cheerios na asali, wanda ya nuna ppb 729, sukarinsa bai wuce giram 2 a awo ba. Ɗan'uwansa Honey Nut Cheerios na da kimanin giram 12. Uwar da ta guji hatsin ot baki ɗaya ta koma wa na masara ko na shinkafa mai rufin sukari ta rage abin da ake taƙaddama a kansa, ta ƙara abin da babu taƙaddama a kansa. Hatsin da aka noma ba feshi ya fi tsabta ta fuskar burbushi, 5 kawai cikin 16 suka nuna shi a gwajin 2018, amma wannan shaidar ba ta hana kamfani ya zuba masa sukari iya son ransa.

Wasu gwamnatoci sun gane inda gizo ke saƙar. Cile ta fara aiki da doka a 2016 da ta tilasta buga baƙin tambari a gaban duk kwalin da sukarinsa ya yi yawa, ta kuma hana sa hotunan katun da ke jan yara. Har damisar da Kellogg ke zanawa a jikin kwalinsa sai da ta sauka. Meziko ta bi sahu a 2020. A Birtaniya duk abincin da ya haura giram 22.5 na sukari a giram 100 ana lasafta shi mai yawan sukari, wanda bai wuce giram 5 ba kuma mai ƙaranci. Amurka ta sa wa makarantunta ƙa'idar da ta kama kimanin giram 21 a giram 100 daga 2025.

Zancen kalar da ake zuba wa hatsin kuwa gajere ne. Froot Loops ɗin Kellogg na Amurka da kalar sinadari ake rina shi, wanda ake sayarwa a Kanada kuwa da ruwan karas da kankana da wasu 'ya'yan itatuwa. Wani bincike na Jami'ar Sawthamton a 2007 ya danganta wasu kaloli da rashin natsuwar yara, kuma tun 2010 Turai ke tilasta rubuta gargaɗi a kan abincin da ke ɗauke da su. Kellogg ya yi alkawarin cire kalolin sinadari kafin ƙarshen 2018 bai cika ba. A 2025 ya sa sabon wa'adi zuwa ƙarshen 2027. Kala ba ta ƙara wa abinci komai sai jan ido, kuma tunda kamfani ɗaya na iya yin abu ɗaya ba tare da ita ba a ƙasar da ke maƙwabtaka, babu hujjar ci gaba da zuba ta.

Inda maganar ta iso gida

Waɗannan kwalaye sun daɗe da shiga kantunanmu. NASCO na yin konfileks a Jos, Nestlé na yin Golden Morn, Kellogg ya haɗa gwiwa da Tolaram suka buɗe masana'anta a Legas a 2017. Amma alƙaluman ot ɗin Kanada ba za a ɗora su a kan waɗannan kaya ba, domin yawancin namu da masara ake yi, kuma manominmu ba ya fesa wa masara maganin ciyawa don ta bushe. Rana ta ɗauke masa wannan aiki.

Adadin sukari kuwa ya iso mu, har ya fara daga jarirai. A watan Afrilun 2024 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan da ƙungiyar IBFAN suka gwada Cerelac daga ƙasashe daban-daban. Sun ba da rahoton giram 6.8 na ƙarin sukari a awo guda na wani nau'in da ake sayarwa a Nijeriya, 5.9 a Senegal, 7.3 a Filifin, alhali na alkama da ake sayar wa jarirai 'yan wata shida a Jamus da Birtaniya babu ƙarin sukari ko kaɗan. Nestlé ya ce yana bin ƙa'idojin duniya da dokokin kowace ƙasa. Giram 6.8 ya haura cokalin shayi ɗaya da rabi, ga jaririn da likitoci suka ce kada a ba shi ko kaɗan. Idan doka ta yarda da haka, to dokar ce ke buƙatar gyara. Harajin naira 10 a kan kowace lita da Nijeriya ta sa a dokar kuɗi ta 2021 lemuka kawai ya shafa, bai taɓa abincin kwali ba.

Ta fuskar burbushi, namu haɗarin a rumbu da sito yake. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya bayan ta yi ta samun daikulobos, wato fiya-fiya, daga miligiram 0.03 har 4.6 a kilo, alhali iyakarta 0.01 ce. Na saman ya ninka iyakar sau 460, kuma an yi ta tsawaita dakatarwar bayan nan. Miligiram 4.6 a kilo ppb 4,600 ne, a ido bai fi 2,837 ɗin Quaker da yawa ba. Amma abin da kwamitin haɗin gwiwar nan ya yarda jiki ya ɗauka na daikulobos miligiram 0.004 ne a kowane kilo, ƙasa da na gilaifoset sau 250. Yaro mai kilo 20 rabonsa 0.08 ne a rana, giram 100 na irin wannan ɗanyen wake kuwa na ɗauke da 0.46. Wanki da dahuwa suna rage shi, amma an faro ne daga ninki kusan shida. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni, kuma akwai buhu mai ninki uku na PICS, da Jami'ar Purdue ta ƙirƙiro, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska ba tare da ɗigon magani ba.

Masara kuma tana da nata maƙiyin da ba feshi ke kawo shi ba: afulatoksin, gubar da fumfuna ke saki idan an tara hatsi da danshi. Wannan IARC a rukuni na 1 ta sa shi, wanda babu shakka yana jawo ciwon dajin hanta. Turai ta sa masa iyakar ppb 4 a hatsin da za a ci kai tsaye, Amurka 20. A Kenya a 2004 mutum 317 suka kamu daga gurɓatacciyar masara, 125 suka rasu. Ppb 20 na wannan ya fi ppb 700 na gilaifoset abin tsoro nesa ba kusa ba. Shi ya sa konfileks da garin kunun yara da ake aunawa a leda, ba suna, ba lambar rajista, ba ranar lalacewa, suka fi ba ni tsoro a kan kowane kwalin da ya zo daga waje: babu wanda za a tambaya inda masarar ta kwana.

Mai saye ba shi da na'urar auna ppb, wannan aikin NAFDAC ne da takwarorinta, kuma haƙƙinmu ne mu nemi su riƙa gwada hatsin kasuwa da na kwali suna buga sakamakon kowa ya gani, kamar yadda hukumar abinci ta Kanada ta yi da ta gwada samfura 3,188 ta bayyana cewa kashi 29.7 cikin 100 na da gilaifoset, kashi 1.3 sun wuce iyaka. Sukari kuwa yana hannunmu. Uwargida da maigida, kafin ku biya kuɗin kwali ku nemi layin sukari a giram 100, ba a awon kamfani ba. Idan ya haura 22, kayan zaƙi ne, a ba yaro jefi-jefi kamar yadda ake ba shi alewa. Ku duba jerin kayan haɗi, domin bisa nauyi ake jera su. Idan sukari ne na ɗaya ko na biyu, ku mayar da kwalin kan kanta. Wanda bai kai shekara biyu ba kuwa, ko kunun gida ne, kada a sa masa sukari.